Noman Rogo da Sauyin Yanayi a Ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan

1.0 GABATARWA

A cikin 'yan shekarun nan sunan rogo ya yi tashe a bakin masana aikin gona. A shekarar 2012 wasu masana na cibiyar binciken aikin gona ta CIAT da ke ƙasar Kolombiya sun gwada rogo da masara da dawa da gero da wake da dankalin Turawa da ayaba, don su ga yadda kowanne zai kasance a Afirka in zafi ya ƙaru, ruwa kuma ya rikice. Sakamakon da suka fitar ya nuna rogo na daga cikin waɗanda abin ba zai taɓa ƙwarai ba. Tun daga nan aka shiga yi masa kirari da cewa shi ne abincin gobe.

Ba mu musa wannan magana ba. Amma Hausawa sun ce kallon kitse ake yi wa rogo, watau a hango abu daga nesa a ɗauka ya fi yadda yake. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba lamarin daga kusa, a ƙananan hukumomi uku na arewacin Jihar Kaduna, watau Ikara da Maƙarfi da Kudan. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa jimirin rogo yana da sharaɗi. Sai ya kafu sannan yake jure fari, kuma sai ya tsallake rani sannan ya amfani mai shi. Galibin dabarun da manoman wannan yanki suke yi sun rataya ne a kan waɗannan gaɓoɓi biyu.

2.0 ƘASAR DA MATSAYIN ROGO A CIKINTA

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin ƙasar Zazzau, arewa da gabashin birnin Zariya, kusa da iyakar Jihar Kano. A shekara mai kyau ana samun ruwan sama wajen milimita 1,000, wanda yake sauka daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Sauran watanni shida ko bakwai kuwa rani ne. A gonakin tudu masara da dawa da waken soya da wake da gyaɗa su ne kan gaba. A fadamu kuma, kamar na wajajen Hunƙuyi da Likoro da Gimi da Gubuci, rake da tumatir da tattasai da albasa ne suka fi yawa. Sunan Maƙarfi ma bai rabuwa da rake da mazarƙwaila.

Ke nan rogo ba shi ne babban amfanin gona a nan ba, kamar yadda yake a kudancin Nijeriya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, tana samar da wajen tan miliyan 60 a shekara, amma mafi yawansa daga kudu da tsakiyar ƙasar yake fitowa. A ƙasar Zazzau bisa al'ada akan ware masa garka ko gayauna kusa da gida, ko gefen fadama, ko gonar da ta gaji ba ta iya ɗaukar masara. Wanda aka fi so shi ne mai zaƙi, na dafawa a ci da ƙuli-ƙuli, ko a yi ƙosan rogo, ko a busar a niƙa a yi alabo, wanda ake tuƙa tuwo da shi ake kuma haɗawa da garin wake a yi ɗanwake.

Asalin rogo daga Amurka ta Kudu ne. Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar tekun Afirka a ƙarni na 16, daga bisani ya yi ta haurowa arewa sannu a hankali. Sunan wani iri da manoma suka sani, Ɗan Warri, ya isa shaida a kan hanyar da ya biyo. Abin da ya ƙara masa daraja a ƙasar Hausa shi ne yunwa. Bayan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da ɓarnar fara ta shekarun 1930, hukumomin mulkin mallaka sun riƙa ƙarfafa wa mutane gwiwa su dasa rogo, gama fara na iya cinye ganyensa amma ba ta kai wa ga abin da ke cikin ƙasa. Tun daga wannan zamani manomi yake ɗaukar rogo tamkar rumbu ne da aka binne, wanda ba a buɗewa sai na tsakar gida ya yi ƙasa.

3.0 ABIN DA YA SAUYA

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin fari. Dattawan Paki da Auchan da Tashar Yari ba su manta da farin 1973 da na 1983 zuwa 1984 ba. Daga shekarun 1990 jimillar ruwan shekara ta ɗan farfaɗo a wannan sashe na Afirka ta Yamma, amma tsarin saukarsa ya sauya, kuma shi ne ya fi damun manomi. Za mu iya kasa sauyin gida uku.

Na farko, faɗuwar damina ta rasa tabbas. Da can ana cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Yanzu sau da yawa akan yi ruwan shuka, mutane su fita su yi shuka, sa'an nan ruwa ya ɗauke har mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, sai an sake.

Na biyu, ruwa yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Wani bincike da aka buga a shekarar 2017, wanda ya dogara ga hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ƙasar Zazzau tana kudu da Sahel, amma irin waɗannan hadura ne suke ba ta ruwa. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna wa Nijeriya duka abin da ruwa mai yawa yake iya yi. A gona kuwa irin wannan ruwa yakan rushe kunya, ya kwashe ƙasar sama da taki, ya kwanta a kwari.

Na uku, zafi ya ƙaru, musamman a bazara. Ma'anar wannan ita ce ƙasa tana saurin bushewa bayan ruwa, danshin da ya rage a ƙarshen damina kuma ba ya daɗewa.

Wannan sauyi ya riski manoman yankin ne bayan sun riga sun karkata ga masara. Tun daga shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa na 1975 da waɗanda suka biyo bayansa, masara ta ture dawa da gero daga gonaki masu yawa. Masara kuwa tana da albarka, amma ba ta da haƙuri. In ruwa ya ɗauke lokacin da take goyo, shekarar ta lalace. Daɗin daɗawa, tsutsar masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016, da tsadar takin zamani da ta tsananta a 2022, sun sa manomi ya sake waiwayar amfanin gonar da ba ya neman taki mai yawa.

4.0 JIMIRIN ROGO DA IYAKARSA

Kafin mu shiga dabarun manoma ya kamata mu fahimci yadda rogo yake jure fari. A bayan kowane ganye akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ne shuka take shaƙar iska take kuma fitar da danshi. Da zarar iska ta bushe, rogo yakan rufe waɗannan ƙofofi tun bai jigata ba. In fari ya yi tsawo sai ya zubar da yawancin ganyensa ya dakatar da girma, siraran saiwoyinsa kuma su nutsa ƙasa neman laima. Sa'ad da ruwa ya dawo, sai ya ɗebi kaɗan daga sitacin da ya tara ya fitar da sabon ganye. Ba shi da wani lokaci guda na fure ko goyo wanda in ya kuskure shi ke nan, kamar yadda hatsi yake da shi. Har wa yau ba dole ne a cire shi rana ɗaya ba, ana iya barinsa a ƙasa wata da watanni.

Iyakar wannan jimiri kuwa ita ce ƙuruciyarsa. Daga wata na farko zuwa wajen na biyar bayan dashe ne yake kafa saiwa ya fara zuba 'ya'ya. Farin da ya same shi a wannan tsakani yakan rage amfaninsa ƙwarai, ko da bai kashe shi ba. To damina a ƙasarmu ba ta wuce wata biyar. Ke nan duk makon da aka yi jinkiri an rage wa rogo rabonsa na ruwa. Haka kuma ba ya son kwanciyar ruwa ko kaɗan, in ƙasa ta jiƙe sharkaf na kwanaki sai ya ruɓe. Saboda haka sauyin da muka bayyana a sama yana taɓa shi ta fuska biyu, ta ƙarancin ruwa a farko da ta yawansa a marka.

5.0 DABARUN MANOMA

5.1 Lokacin dashe. Bisa al'ada manoma da yawa sukan bar dashen rogo sai marka, bayan an rage aikin hatsi. Hikimar wannan ita ce ƙasa ta sha ruwa, itace ba ya bushewa, gara kuma ba ta cika damunsa ba. Aibinsa shi ne in ruwa ya ɗauke a tsakiyar Satumba, rogo zai shiga rani yana ɗan wata ɗaya ko biyu. Wanda kuma ya yi gaggawa ya dasa da ruwan farko na Mayu, yana iya rasa itacensa duka in ruwa ya tsaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a dasa da zarar damina ta zauna, watau cikin Yuni zuwa farkon Yuli. Waɗansu kuma sukan raba dashen kashi biyu, don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take faɗin lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa. Amfanin wannan hasashe ya dogara ne ga isarsa kunnen manomi cikin harshen da yake ji, kuma a kan kari.

5.2 Tanadin iri. A ganinmu nan ne gizo yake saƙa. Mai masara yana ajiye irinsa a buhu har shekara. Mai rogo kuwa irinsa ɗanyen itace ne mai rai, wanda yake fara mutuwa tun ranar da aka sare shi. Hekta ɗaya tana cin yanka wajen 10,000, kowanne tsawonsa santimita 20 zuwa 25, mai ido biyar zuwa bakwai, alhali gindi ɗaya ba ya ba da fiye da yanka goma ko kusa da haka. Manomin da ya cire rogonsa da kaka, tilas ya riƙe itacen har wata shida cikin hunturu da zafin bazara. Dabarar da aka sani ita ce a ɗaure itacen dami-dami ba tare da an yayyanka ba, a jingina shi tsaye a inuwar mangwaro ko ɗorawa, a tura gindin cikin ƙasa ana ɗan yayyafa ruwa. Wadda ta fi ta ita ce a bar wani yanki na gona ba a cire ba, ko a keɓe 'yan kunyoyi a gefen fadama don iri kawai, a sare su ranar da za a dasa. Dalilin da ya sa mutane da yawa suke makara wajen dashe ba ya wuce rashin iri a hannu sa'ad da damina ta zauna.

5.3 Sarrafa ƙasa da ruwa. Kunya tana yi wa rogo aiki biyu, tana sassauta ƙasa ya sami wurin zuba 'ya'ya, tana kuma ɗaga shi daga ruwan da ya kwanta. A gona mai gangare, yin huɗa a gicciye yana rage gudun ruwa. Ɗaure kunya, watau datse kwarin kunya da 'yar ƙasa nan da can don ruwa ya tsaya ya nutse, dabara ce da aka gwada a Samaru tun shekarun 1960. Sai dai a yanayin yau tilas manomi ya san lokacin kwance ta, gama ɗaurin da ya ceci gona a Yuni shi ne zai ruɓar da rogo a Agusta. A jigawa mai saurin bushewa akan binne yankan a kwance don kada rana ta busar da shi, a ƙasa mai laka kuwa akan soka shi a karkace bisa kunya. Rufe gindi da ciyawa ko ɓawon gyaɗa yana riƙe laima, amma yana iya janyo gara. Takin dabbobi da tokar murhu su ma suna da muhimmanci, domin rogo yana jan sinadarin fotash daga ƙasa da yawa, ƙasar da ta sami takin gargajiya kuma ta fi riƙe ruwa.

5.4 Haɗa shuke-shuke. Binciken da David Norman ya gudanar a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗanmahawayi na ƙasar Zazzau a shekarun 1960 ya nuna cewa manomin da yake haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya ya fi samun tabbacin abin da zai girba. Wannan tsohuwar hikima ta dace da rogo, gama yana da nawar tashi a watanninsa na farko. In aka sa gyaɗa ko wake ko masara mai saurin nuna a tsakaninsa, sukan rufe ƙasa su kare ta daga dukan ruwa, a kuma girbe su kafin rogo ya yi inuwa.

5.5 Sababbin iri. Cibiyar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967, da cibiyar binciken rogo da doya da dangoginsu ta Umudike, sun fitar da iri masu yawa. Daga cikinsu akwai TMS 30572, da TME 419 wanda aka saki a 2005, da rogo mai ruwan ɗorawa mai ɗauke da bitamin A wanda aka fara saki a 2011. An kuma yi gwajin rogo mai jure fari a Minjibir ta Jihar Kano. Irin da yake saurin zuba 'ya'ya shi ya fi dacewa da gajeriyar damina. Amma tilas a tuna cewa yawancin waɗannan iri an tace su ne da nufin yin gari da sitaci. Manomin Ikara kuwa abin da yake tambaya shi ne, in an dafa yana yin gari-gari a baki? Irin da bai ci wannan jarrabawa ba, ko yaya yawan amfaninsa, da wuya matan gida da masu talla su karɓe shi.

5.6 Tsare gona da rani. Sa'ad da aka kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, rogo ne kaɗai koren abu a tudu. Shi ya sa tun da can ba a raba shi da shinge, ko na ƙaya, ko darnin kara, ko shingen aguwa da bini-da-zugu. Yanzu da burtali da makiyaya suka ƙuntata, ciyawar rani kuma take saurin ƙarewa, wannan matsala ta ƙaru, har takan kai ga rigima tsakanin manomi da makiyayi. Wahalar shinge tana cikin manyan dalilan da suka hana gonar rogo faɗaɗa a wannan yanki. Waɗansu sukan guje mata ta hanyar cire rogon da wuri, amma da haka sun rasa babban amfaninsa, watau zamansa ajiya har zuwa tsakiyar damina, lokacin da hatsi yake tsada.

6.0 HAƊURA BIYU DA YA KAMATA A KULA DA SU

Na farko shi ne guba. Kowane rogo yana ɗauke da wani sinadari da yake rikiɗa ya zama gubar sayanayid, kaɗan a mai zaƙi, da yawa a mai ɗaci. Bincike ya tabbatar da cewa fari yana ƙara yawan wannan sinadari. A shekarar 1981, lokacin wani fari a lardin Nampula na ƙasar Mozambik, mutane fiye da dubu sun kamu da cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo, saboda yunwa ta sa sun ci rogo mai ɗaci ba tare da sun sarrafa shi sosai ba. Darasin da ke nan gare mu shi ne, mutanenmu sun saba da rogon da ake dafawa a ci nan take. In za a kawo musu irin yin gari, wajibi ne a haɗa da koyar da ferewa da jiƙawa na kwana uku zuwa biyar, da matsewa da busarwa sosai.

Na biyu shi ne ƙwari da cututtuka, waɗanda da yawansu sun fi yaɗuwa da rani. A shekarun 1970 wani ɗan ƙwaro mai farin gari a jiki ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu ya yi wa rogo mummunar ɓarna. An shawo kansa ne bayan masanan IITA, a ƙarƙashin Hans Herren, sun kawo wani ɗan zanzaro mai kashe shi suka fara sakinsa a 1981. Cutar da take nannaɗe ganye ta sa shi dabbare-dabbare kuwa tana nan har yau, farin ƙuda ne yake yaɗa ta, haka kuma itacen da ya kamu. Manomin da ya rasa irinsa da rani ya sayi duk wanda ya samu a kasuwa, yana iya sayo cuta da kuɗinsa.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa rogo yana da wurin zama a tsarin noman Ikara da Maƙarfi da Kudan a matsayin madogara ranar da hatsi ya gaza. Mun kuma ga cewa wannan madogara ba ta tsayawa sai an dasa a kan kari, an sami lafiyayyen iri, an tsare gona da rani. Bisa ga haka muke ba da shawara uku. Ta farko, ƙungiyoyin manoma da hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha su kafa ƙananan gonakin iri a gefen fadamu, domin itace ya samu a watan Yuni. Ta biyu, a riƙa fassara hasashen damina zuwa Hausa ana watsawa ta rediyo da bakin malaman gona, tare da bayanin abin da yake nufi ga mai rogo. Ta uku, tun da rogo yakan fara lalacewa cikin kwana biyu ko uku bayan an cire shi, a taimaka wa mata masu yin alabo da wuraren shanya masu tsabta da injinan yankawa, don manomi ya daina sayarwa bisa tilas.

Ga 'yan'uwanmu masu bincike kuma, musamman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da sauran sassan Jami'ar Ahmadu Bello, akwai aikin da yake jira. Ya kamata a bi ƙauyukan nan a tattara irin rogon da manoma suka daɗe suna riƙe da shi, da sunayensa da halayensa, a gwada shi kafaɗa da kafaɗa da sababbin iri a gonakin manoman kansu. Irin da ya tsallake farin 1973 da na 1984 a hannun talaka ya cancanci a san dalilin da ya sa ya tsallake, tun bai ɓace ba.